Shin ya dace a wanke ƙurajen kare da sabulun kashe ƙwayoyin cuta na mutane?

Wani bawan Allah daga Rikkos, a nan cikin Jos, ya aiko da tambaya kan karen gadinsa ɗan shekara biyu. Ya ce tun tsakiyar damina ƙuraje suka feso masa a ciki da matsematsi, wasu suna fitar da mugunya, gashi yana zubewa a wurare, ga wari, ga susa ba dare ba rana. Ya ce mako biyu ke nan yana yi masa wanka, yau a yi gobe a huta, da sabulun wankan gidansa wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Da farko warin ya ragu, amma yanzu fatar ta bushe tana ɓarewa, susar kuma ta ƙaru. Yana so ya sani ko ya ci gaba, ko kuwa ya nemi sabulun da ya fi wannan ƙarfi.

Malam, na gode da wannan tambaya, kuma na yaba da yadda ka tsaya kan lafiyar dabbar da ke kwana a waje tana tsaron gidanka, domin da yawa sai kare ya zama abin ƙyama sannan ake tuna cewa yana jin ciwo. Amsata a matsayina na likitan dabbobi ita ce ka dakatar da wannan sabulu daga yau, kuma kada ka nemi wanda ya fi shi ƙarfi. Wanka ɗaya da irin wannan sabulu, idan an ɗauraye da kyau, ba ya halaka babban kare mai lafiya, saboda haka kada hankalinka ya tashi kan abin da ya wuce. Amma maimaita shi a kan fatar da ta riga ta yi rauni yana ƙara lalata ta, kuma abin da ka gani da idonka, wato bushewa da ɓarewa da ƙaruwar susa, shi ne abin da muke tsammani idan aka yi haka.

Dalilin farko yana cikin halittar fatar kanta. Mutane suna ganin kare da gashi mai kauri sai su ɗauka fatarsa ta fi tamu tauri, alhali kuwa ɓawon saman fatar kare ya fi na mutum siranta nesa ba kusa ba. A wurin mutum wannan ɓawo yana da hawa kamar 10 zuwa 15 na ƙwayoyin halitta, a wurin kare kuwa kamar 3 zuwa 5 ne kawai, gashin ne yake rufa masa asiri. Sannan akwai bambancin tsami: fatar mutum tana da ɗan tsami, wajen 5.5 a ma'aunin da ake auna tsami da shi, ta kare kuwa ta fi kusa da tsakiyar ma'aunin, wajen 7, wani lokaci ma ta haura. A saman wannan siririyar fata akwai maiƙo da jikin karen yake fitarwa, wanda yake riƙe danshi a ciki yana kuma tare ƙwayoyin cuta a waje. Sabulun wanka na mutane an haɗa shi ne domin ya kwashe maiƙo da gumi daga fata mai kauri, kuma akan zuba masa turare da launi. Idan ka goga shi sau bakwai cikin mako biyu a jikin kare, ka wanke wannan kariya gaba ɗaya, fatar ta tsage tsagewar da ido ba ya gani, ƙaiƙayi ya taso, karen ya sa farce da haƙori ya buɗe ta sosai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ban san wani wuri da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar ciwon fatar kare ba.

Ina so ka riƙe wannan karin magana, domin ita ce zuciyar al'amarin. Ƙwayar bakteriyar da take haddasa mafi yawan ƙuraje masu mugunya a jikin kare wata nau'i ce daga dangin istafilokokus, kuma ba baƙuwa ba ce: tana zaune a hanci da baki da dubura da fatar karnuka masu ƙoshin lafiya ba tare da ta yi musu komai ba. Ba ta zama cuta sai wani abu ya fara tsaga bangon. Saboda haka idan na ga kare da ƙuraje masu mugunya, tambayar da nake yi wa kaina ita ce mene ne ya buɗe mata ƙofa, domin idan ban gano shi ba, ko da na kashe bakteriyar yau za ta dawo bayan makonni kaɗan. Babu wani sabulu, komai abin da aka rubuta a kwalinsa, da zai amsa wannan tambaya.

Dalili na biyu shi ne, rubutun da ke jikin kwalin ba ya nufin abin da muke zato. An haɗa waɗannan sabulai ne domin rage ƙwayoyin cuta a lafiyayyar fatar mutum a lokacin wanka, ba domin warkar da ciwon da ya riga ya shiga ramin gashi ba. Maganin da ke cikinsu kaɗan ne, kuma yana bin ruwa ya tafi cikin minti ɗaya ko biyu. Ko a wurin mutanen ma, a watan Satumba na 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a sabulan wanka da na wanke hannu da ake sayar wa jama'a, ciki har da tiraikulosan da tiraikulokaban, saboda kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu na yau da kullum amfani, ko cewa babu illa idan an daɗe ana amfani da su. Abin da bai tabbatar da fifikonsa a hannun mutum mai lafiya ba, bai kamata a dogara da shi a fatar kare mai mugunya ba.

Dalili na uku shi ne harshe. Mutum ba ya lasar jikinsa bayan wanka, kare kuwa yana yi, kuma wurin da yake ciwo nan ya fi lasa. Wannan ne ya sa na fi jin tsoron ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka fiye da sabulun kansa. Ruwan Dettol yana ɗauke da kulorozailinol da man itacen fain, Izal kuma da makamantansa na goge ƙasa suna ɗauke da sinadarai dangin finol. Suna da amfaninsu a inda aka yi su domin shi, amma a kan ɗanyen rauni suna ƙona nama, idan kuma dabba ta lashe su suna iya ƙona baki da maƙogwaro, su kawo dalalar miyau da amai da tangaɗi. Ga kyanwa abin ya fi muni ƙwarai, domin hantarta ba ta iya sarrafa dangin finol, don haka idan akwai mage a gidan, kada ko ƙasan da take takawa a bar shi da jiƙon irin wannan ruwa. Haka nan baƙin mai da kananzir da omo da maganin ƙwari na gona irin su Sniper, waɗanda har yanzu ake ba da shawararsu a unguwanni a matsayin maganin ƙazuwar kare, duka guba ne da ke ratsa fata. Na taɓa karɓar ɗan kwikwiyo da aka shafe da baƙin mai tun daga kunne har wutsiya, yana karkarwa yana zubar da miyau, mun shafe yini muna wanke shi muna ba shi ruwa ta jijiya, ƙazuwar da aka so kashewa kuma tana nan daram a ƙarƙashin man. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

To, mene ne yake tsaga bangon a nan Jos? Ban ga karenka ba, kuma ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma abubuwan da na fi cin karo da su sanannu ne. Ƙuma da kaska su ne kan gaba, musamman da damina. Akwai karnukan da jikinsu ba ya jure miyaun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa su susa har su yi wa kansu rauni a gindin wutsiya da cinyoyi, kuma mai kare yakan rantse bai ga ƙuma ba. Ka tsefe gashin a kan farar takarda mai danshi: idan baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono suka zubo suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ne a ciki.

Sai ƙazuwa, wadda iri biyu ce kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Ɗaya tana haƙa rami a cikin fata, tana kawo ƙaiƙayi mai tsanani, ta fi kama gefen kunne da gwiwar hannu da ciki, kuma tana iya tsallakowa jikin mutanen gida ta sa su ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙugu na ɗan lokaci. Ɗayar kuma, wadda ake kira dimodes, tana zama a cikin ramin gashi, ta fi kama ƙananan karnuka da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kuma ba ta kama mutum. Ba a gane su da ido. A asibiti mukan matse fatar tsakanin yatsu biyu, mu kankare ta da reza har sai ɗigon jini ya tsattsafo, mu ɗora abin da muka kankaro a kan gilashi da ɗigon mai, mu duba a madubin da ke girmama ƙananan halittu. Idan dimodes ce, za ka gan ta doguwa kamar karan sigari, da gajerun ƙafafu takwas a gaba suna motsi a hankali. Aikin bai wuce na minti goma ba, amma shi ne yake raba tsakanin maganin da zai yi aiki da wanda zai ɓata maka watanni.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ƙasashenmu, wanda mutane da yawa suke ɗauka maruru ne. Wani ƙuda ne da yake zuba ƙwansa a cikin ƙasa mai yashi da inuwa inda fitsari ko kashi ya jiƙa, wato daidai inda ake ɗaure kare, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fata ta zauna a ciki tana girma na tsawon kwana 8 zuwa 12. Ka duba fatar cikin karenka da kyau: idan kumburin yana da ɗan rami a tsakiya wanda ruwa ke tsattsafowa daga gare shi, kuma ka ga wani abu yana leƙowa yana komawa, tsutsa ce. Ana toshe ramin da man baselin na wasu mintuna domin ta rasa iska, sannan a matsa daga gefe biyu a hankali, sai ta fito fara, mai ƙiba kamar ƙwayar wake. Na taɓa cire sama da ashirin daga jikin kwikwiyo ɗaya. Sabulu ba ya taɓa ta ko kaɗan, kuma idan ba a canja wurin kwanciya ba, sababbi za su shiga.

Makero ma yana cikin lissafi, kuma yana kama yara, sai dai a nan akan yi kuskure ta ɗaya gefen: ƙurjin bakteriya idan ya fashe ya bushe yakan bar zagaye mai ɓawo a gefensa kamar zobe, mutane su ce makero ne, su yi ta shafa maganin makero a banza. Sauran dalilai sun haɗa da rashin jituwar jiki da wani abinci ko ƙura, da yunwa, da tsutsar ciki, da kwanciya a siminti mai danshi.

Yanzu ga abin da za ka yi a gida kafin ka kai shi asibiti, ba a maimakon kai shi ba. Ka sa safar hannu, wadda za ta kare ka daga ƙazuwa da makero, ta kuma sauƙaƙa wa wanda ba ya son taɓa kare da hannunsa kai tsaye. Ka sa masa takunkumi ko ka ɗaure bakinsa da ƙyalle mai laushi, domin ko karen da ya san ka yana iya kai cizo idan aka taɓa inda yake masa zafi. Ka rage gashin da ke kewaye da wuraren da suke jiƙe da injin aski ko almakashi, domin iska ta shiga. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ka bari ya huce, ka riƙa jiƙa auduga kana goge mugunya da ɓawo sau biyu a rana. Wannan ruwan gishiri ba ya ƙona nama, kuma babu laifi idan ya lasa.

Maganin wankan da muke dogara da shi sunansa kuloheksidin, kuma ana samun sabulun ruwa na karnuka mai ɗauke da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari nasa a shagunan magungunan dabbobi. Bincike ya nuna cewa a ƙurajen da ba su yi zurfi ba, wanka da shi yadda ya kamata yana iya warkarwa kamar yadda maganin sha yake yi. Sirrinsa yana cikin lokaci. Ka jiƙa karen da ruwa mai ɗumi, ka shafa har ya yi kumfa ya kai fata, ka fara da wuraren da suka fi lalacewa, sannan ka duba agogo ka bar kumfar minti 10 cur kafin ka ɗauraye, kana riƙe da shi don kada ya lasa. Mafi yawan waɗanda suke dawo mini suna cewa maganin bai yi ba, idan na bincika sai in tarar minti biyu suke barinsa. Ka yi haka sau biyu ko uku a mako. Kada ka haɗa shi da sabulun gida a wanka ɗaya, domin ragowar sabulu tana kashe ƙarfin kuloheksidin. Kada ya shiga ido, kada kuma ka zuba shi cikin kunne. Idan akwai buɗaɗɗen rauni mai ɗanyen nama, wannan ƙarfin ya yi yawa, sai dai ruwan gishiri, ko aidin mai ruwan ƙasa wanda ake wanke rauni da shi, a sirka shi da ruwa har ya koma launin shayi marar kauri.

Sanyin garinmu ma abin lura ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma kare mai ciwo da aka jiƙa da yamma a watan Agusta ko a tsakiyar hunturu zai kwana yana rawar sanyi, gashinsa kuma ya kwana da danshin da bakteriya take so. Ka yi wankan da hantsi ko da tsakar rana, ka tsane shi da tawul na musamman da ba wanda zai yi amfani da shi, ka bar shi a rana har ya bushe zuwa fata. Ka wanke buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai da ruwan zafi, ka shanya a rana, ka ɗaga makwancinsa daga ƙasa da katako.

Abu biyu nake roƙon ka guje musu a kemis. Na farko shi ne man shafawar nan na mutane mai haɗin magani uku, wanda ake saya domin kowane irin ƙurji. Yana ɗauke da sinadarin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi, saboda haka kwana biyun farko za ka ga kamar an samu sauƙi, amma yana danne garkuwar fata, kuma idan dimodes ce ko makero sai su bazu, ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Na biyu shi ne sayen kafso na kashe ƙwayoyin cuta a ba kare na kwana uku a daina. Wannan yana koya wa bakteriyar jure magani, kuma irin istafilokokus ɗin da ba ya jin magunguna ya riga ya zama matsala a asibitocin dabbobi a duniya. Idan ana buƙatar maganin sha, likita ne zai zaɓe shi bisa nauyin karen, kuma ana shan sa na makonni, har a sake duba shi kafin a tsayar. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak kuwa suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, kada a ba shi ko rabin ƙwaya.

Game da ƙuma da kaska da ƙazuwa, yanzu akwai magungunan taunawa irin su Bravecto da NexGard da Simparica waɗanda suke kashe su duka, na farkon yana aiki har mako 12, sauran biyun wata guda. Suna da tsada, amma idan ka lissafa kuɗin sabulai da mayukan da ake saya ana zubarwa, sau da yawa sun fi araha. Akwai kuma allurai da ruwan wanka na dabbobi masu sauƙin kuɗi, sai dai awonsu yana da haɗari idan an kuskure, kuma akwai jinsin karnukan da ba sa jure wasunsu, don haka a bar wa likita.

Tun da ciwon ya kai makonni kuma akwai mugunya, shawarata ita ce ka kai shi a cikin wannan makon. Muna cikin garin da ba a rasa masana: akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take wurin tun 1924, ga kuma asibitoci masu zaman kansu a cikin gari da Bukuru. Ka tafi da kwalin sabulun da duk abin da aka taɓa shafa masa, kuma kada ka yi masa wanka kwana biyu kafin zuwan, domin wanka yana wanke shaidar da likita yake nema. Idan kuwa ya daina cin abinci, ko jikinsa ya yi zafi ya kwanta, ko raunukan sun yi zurfi suna fitar da jini da mugunya, ko fuska da tafin ƙafa sun kumbura, ko ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari, wanda yakan nuna cutar jini da kaska ke kawowa, to kada ka jira gobe. Ka kuma tambayi likitan ko allurar rigakafin haukan karensa tana kan lokaci, tun da za ka riƙa taɓa shi a inda yake jin zafi. Idan tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka garin wankan, a nan ne sabulun naka yake da aiki: ka wanke wurin da shi da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ka wuce asibitin mutane a ranar.

Idan aka gano sanadin aka kama shi, ƙurajen da ba su yi zurfi ba sukan fara bushewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, warin ya tafi tun kafin nan, gashi kuwa yana buƙatar wata ɗaya zuwa biyu kafin ya rufe wuraren da suka sanƙe. Allah ya ba shi lafiya, kuma ka sanar da ni abin da aka gani a madubi.